Giɓin Sakan Huɗu a Zuciyar Goggo

4 ga Maris

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Auta da mijinta da yaran. Ni ma lafiya lau, sai tarin da ƙurar ƙarfe ke sa ni, shi ma da sauƙi. Na ce ina fatan kina lafiya ne don haka aka saba buɗe wasiƙa, amma na san ba ki da lafiya, kuma ke ma kin sani.

Sau tara na kira ki tsakanin jiya da shekaranjiya. Ina fara maganar kika kashe wayar, ba ki ƙara ɗauka ba. To ga ta a rubuce, in kin ga dama ki yaga.

Wata takwas da suka wuce na roƙe ki ki aiko mini da takardun awon zuciyar Baba, waɗanda asibiti suka ba ki lokacin da kike jinyarsa. Na gaya miki ina so in yi wani aikin ƙarfe da su don tunawa da shi, tunda sana'ata ke nan, kuma bayan addu'a ba ni da wani abin da zan iya yi masa. Kika aiko da ambulan mai ruwan ƙasa, cike da dogayen takardun nan masu layi yana hawa yana sauka. Shafin farko mai ɗauke da suna babu shi, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Wata bakwai na yi a kan takardun nan, Goggo. Bugu ɗaya bayan ɗaya nake aunawa, in yanka ƙarfe, in lanƙwasa shi daidai da yadda layin ya tafi. Na yi kuka a kan ƙarafan nan, ni da gemuna, ina cewa ga zuciyar ubana a hannuna.

Ranar Litinin na kira wata likitar zuciya, ta nan jami'ar da ta ba ni wurin aiki, don ta duba mini ko lissafina daidai ne kafin a rubuta bayanin da za a liƙa a bango. Ta ɗauki takarda ɗaya ta kai kusa da idonta, ta karanta wasu ƙananan lambobi a gefe waɗanda ni ban taɓa kula da su ba. Ta ce, "Yaushe ka ce mahaifinka ya rasu?" Na gaya mata. Ta ce, "To wannan awon wata biyar bayan rasuwarsa aka yi shi. Kuma na mace ne, mai shekara sittin da uku."

Mace nawa ce mai shekara sittin da uku a gidanmu?

Ba ɓatan wata bakwai ne ya fi ƙona mini rai ba. Likitar ta nuna mini wani wuri da layin ya miƙe sak, ta ce a nan zuciyar ta tsaya cik har sakan huɗu kafin ta ci gaba. Ta ce mai irin wannan zuciya na buƙatar a sa mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ba ta kai akwatin ashana ba, wadda za ta riƙa zaburar da zuciyar in ta tsaya. Ta ce in ba a sa ba, wata rana za ta tsaya ta ƙi tashi. Ta kuma rantse cewa babu likitan da zai ga wannan takarda ya bar mai ita ta fita bai gaya mata ba.

Ke nan fiye da shekara kin sani, kika yi gum. Haba Goggo! Ki koma asibiti cikin makon nan, ina roƙon ki don Allah.

Ɗanki,
Dogo

17 ga Maris

Dogo,

Wa'alaikumus salam. Lafiya ƙalau muke, Auta da mutanen gidanta suna gaishe ka. Ƙafata ta dama ce ta ɗan kumbura saboda taka keke, ba wani abu ba. Tarin naka kuwa, tun yaushe nake ce maka ka riƙa ɗaure hancinka in kana aiki? Kunnen ƙashi gare ka tun kana yaro.

E, ni na kashe wayar. Waya ba ta barin mutum ya gama faɗansa, ana tsakiyar magana sai a ce "ba na jin ki". A takarda kuwa sai na kai aya.

Ambulan biyu ne a gwangwanin biskit ɗin da ke ƙarƙashin keken ɗinkina, iri ɗaya, daga asibiti ɗaya. Na Yaya, wato ubanka, tun ranar da ya cika ban iya buɗe shi ba. Da ka roƙa sai na kau da kai na zaro ɗaya na bayar aka kai gidan waya. Shafin farkon kuma ni na yage shi tuntuni, ranar da littafin awona ya ɓata, na rubuta awon wata mata a bayansa. Kuskure ne, na yi, ban musa ba. Ka ga na fi ka, ni ina amsa laifina.

Yanzu sai naka. Wa ya ba ka izinin nuna wa wata baƙuwa takardata? Shekara arba'in da ɗaya ina ɗinki. Babu macen da ke layin nan da ban zagaya wa tef a ƙugu ba. Na san wadda ta rame saboda baƙin cikin gida, na san mai juna biyu tun kafin mijinta ya sani, na san wadda aka yi wa aiki a ƙirji take so in cika mata gefe ɗaya da auduga. Ko Auta da na haifa ba ta taɓa jin awon wata daga bakina ba. In littafi ya cika ƙona shi nake yi. Awon mutum amana ce. Kai kuwa awon cikin ƙirjina ka samu, ka shimfiɗa shi a tebur kai da wata likita kuna ta nuni da yatsa.

Kuma wai har za a liƙa bayani a bango? Bangon wa? Su wa za su karanta? Me ma ka ƙera tukuna? In wani abu ne mai kai da ƙafa, to ka ji tsoron Allah. Ni dai abin da na sani, an kashe wahala an kai ka karatu, ƙarshenta ka zama mai walda wanda ko ƙofa ba ya yi wa mutane.

Maganar asibiti kuwa ka bar ta. Ina ci, ina sha, jiya ma riga uku na haɗa. Jiri ne kawai yake ɗibata wani lokaci, in na zauna ya wuce. Dangantakarmu da kai sai an zauna an lissafa, kakata da kakan ubanka ne ciki ɗaya, don haka kada ka ɗauka kana da ikon ja mini kunne. Kuma in ka kuskura Auta ta ji wannan magana, ni da kai har abada.

Goggonka

28 ga Maris

Goggo,

Ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe ƙafar, ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin tashi daga keke. Tarin ya tafi, kuma na sayi abin rufe hancin, kin ji daɗi?

Ranar da kika kwana arba'in a gefen gadon Baba ba ki tsaya lissafin dangantaka ba, sai yau da aka ce ki je asibiti? Ban yarda ba. Ke kaɗai kika rage mini da zan kira Goggo.

Ba abu mai kai da ƙafa na ƙera ba, ba ya kama da mutum ko dabba. Ga hotonsa nan na sa miki. Minti huɗu na ɗauka daga cikin takardun, bugu ɗari biyu da arba'in. Kowane bugu na yi masa sandar ƙarfe ɗaya, mai ƙyalli, wadda ta fi ni tsawo. Na lanƙwasa kowace sanda yadda layin bugunta ya lanƙwashe, har da 'yar ƙaramar karkata, da ma'auni nake bi ba da ido ba. Sai na jera su a tsaye a kan gindi mai zagaye, kamar tabarmar da aka naɗe sako-sako aka tsayar. Tazarar da ke tsakanin sanda da sanda ita ce lokacin da ke tsakanin bugu da bugu, kowane sakan taƙi ɗaya. Ke tela ce, kin fi kowa gane wannan. Ban ƙara komai daga kaina ba, zuciyar ce ta zana, ni ƙarfe kawai na ba ta.

Da yake sandunan taƙi ɗaya-ɗaya suke tsakani, mutum ba ya iya ratsawa. Sai wuri guda, inda zuciyar ta tsaya. Nan taƙi huɗu ne babu komai, kuma ta nan kaɗai ake shiga cikin zagayen. Wallahi Goggo, giɓin nan shi ne ya fi komai kyau a aikin. Duk wanda ya ratsa ta nan shiru yake yi. Mai sharar ɗakin da na kafa shi ma, dattijo ne da ba ruwansa da harkarmu, ya shiga ya fito yana share ido bai san dalili ba.

Ranar ashirin ga Yuni za a buɗe baje kolin aikin, jama'a su zo su gani. Shekara goma sha ɗaya ina neman a ba ni babban ɗakin baje kolin nan, sai bana aka ba ni. Babu sunanki a ko'ina, ba kuma za a sa ba. Bayanin bangon zan canza shi ya zama "zuciyar wani mutum" kawai.

Duk wannan ba shi ne gabana ba. Jirin da kike cewa yana wucewa in kin zauna, shi ne giɓin, Goggo. Lokacin ne zuciyarki take tsaye. Na sake tambayar likitar, ta ce aikin ba ya wuce awa ɗaya ko biyu, ba a ma sa mutum barci gaba ɗaya, kuma ba a daɗe ba za ki koma kan kekenki. Ban gaya wa Auta ba, amma haƙurina yana da iyaka.

Dogo

9 ga Afrilu

Dogo,

Muna lafiya. Ƙafa ta sace.

Sau uku na karanta wasiƙarka, na sa tabarau na cire, ko idona ne ke yi mini gizo. "Giɓin nan shi ne ya fi komai kyau." Da hannunka ka rubuta, har da wallahi. Wato wurin da mutuwa ta leƙo ni ta koma, shi ne ya yi maka kyau. Ashe da zuciyata lafiyayya ce da aikinka bai yi armashi ba. To madalla, Allah ya sa ciwona ya amfane ka. Ka yi addu'a nan gaba ta tsaya sakan goma, ka samu ƙofar da mota za ta shige.

Na kalli hoton. Ni ban ga komai ba sai shingen ƙarfe irin na gidan da ake tsoron ɓarayi. Amma na ga ƙofar, na kuma ga wani ƙato a tsaye a cikinta da takalmansa, yana dariya. Waye shi? Ta cikin ƙirjina yake tsaye fa! Ranar ashirin ga Yuni kuma gari guda za su yi layi, masu taunar cingam da masu ɗaukar hoto, kowa ya bi ta inda numfashina ya ɗauke, ya fito ya ce kai, abin ya yi kyau.

Ka ce ba sunana. Ni ina ruwana da suna? In na ɗinka rigar wata na rataye a bakin titi na rubuta faɗin ƙugunta a jiki, sai in ce ai ban sa sunanta ba? Ita ai ta san nata ne, duk wucewar da za ta yi sai ta ji kamar an tuɓe ta. Haka nake ji tun da hoton nan ya shigo gidan nan. Na kife shi a ƙarƙashin gwangwani.

Tunda ka nace da maganar asibiti, ga sharaɗina, kuma ba na canzawa. Ka sa injin yankan ƙarfenka ka sare abin nan, sanda ɗari biyu da arba'in ɗin duka, yadda ba mai iya sake tayar da shi. Ka maido mini da takarduna. Ranar da na ga shaida, ni kuma zan je su tsaga ni su sa mini akwatin ashanarsu. In ba haka ba kada ka ƙara ambata mini likita.

Sai mu ga wanda ka fi so, ni ko giɓin.

Goggonka

19 ga Afrilu

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma fatan jirin bai dawo ba. Ni ƙalau nake, in ban da ɓacin ran da kika aiko mini a ambulan.

Kin san sarai ba abin da nake nufi ke nan ba. Lokacin da na ga kyan giɓin nan, ina zaton na Baba ne, wanda ya riga ya tafi, ba abin da zai ƙara samunsa. Tun ranar da na san naki ne ban iya bi ta wurin ba, zagayawa nake yi. Ƙaton da kika gani kuwa mai ɗauko mini ƙarfe ne, na ce ya tsaya don ki ga faɗin wurin.

Amma abin da kika nema zalunci ne, kuma gara in faɗa miki. Ke kika aiko da takardar da ba ita ba. Ke kika ɓoye ciwo fiye da shekara. Yanzu kuma ni zan biya da aikin da ya fi kowane aiki da na taɓa yi? Wa ya taɓa jin an yi garkuwa da mutum da ransa na kansa? Kin ɗora wuƙa a wuyanki kina ce mini in ban ƙona gidana ba za ki yanka. In wata ta zo ta ce ki yayyaga kayan da kika yi wata bakwai kina ɗinkawa, ana saura kwana kaɗan a karɓa, za ki yi?

Ba zan sare shi ba. Zan iya toshe giɓin da gilashi kada kowa ya bi ta ciki. Zan iya cire bayanin bangon gaba ɗaya. Takardunki kuma ga su nan na haɗo da wannan wasiƙa, ban rage ko ɗaya ba. Iyakar abin da zan iya ke nan.

Ki je asibiti don ranki, ba don ni ba.

Dogo

24 ga Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Ban san ko kina lafiya ba, don mako biyar ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ki ba.

In fushi ne, ya isa haka. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu sau biyu, ma'aikatan wurin har sun fara yi mini dariya. Wayarki a kashe. Na kira Auta ta ce "lafiya lau take", ta yi sauri ta ajiye, muryarta kuma ba ta yi mini kama da ta mai gaskiya ba. In kin hana ta magana ne, to kin kyauta.

Ki zage ni ma na yarda, amma ki rubuto. Wannan shirun naki mugunta ce, kin kuma san abin da nake tunani duk lokacin da waya ta yi ƙara.

Dogo

2 ga Yuni

Dogo,

Ina amsawa. Da sauƙi yanzu, shi ya sa ka ga rubutun a karkace, yatsan bai gama warkewa ba.

Ba fushi ne ya hana ni rubutu ba, ko da yake fushin yana nan. Kwana biyu bayan zuwan wasiƙarka ta Afrilu ina kan keke da hantsi, ina haɗa hannun wata riga, sai kawai na farka a ƙasa. Goshina ya bugi ƙarfen keken ya fashe, allura kuma ta shige mini ɗan ali ta karye a ciki. Mai rigar ce ta zo karɓa ta same ni, ta yi ta ihu har maƙwabta suka cika ɗakin. A ƙaramin asibitin bakin titi aka ɗinke goshin aka ciro allurar. Ɗinki biyar, kuma wallahi da ni na yi wa wata irin wannan ɗinkin da ta dawo mini da shi.

Auta ta sani yanzu, sai ka huta. Ta zazzage gwangwanin tana neman katina ta ga komai. Kullum tana nan tana bin bayana da kuka kamar na riga na mutu. Ni na hana ta gaya maka, don na san abin da za ka ce.

Ka ce in je don raina. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, tunda ba ka nan. Yaya da ƙafarsa ya shiga babban asibitin nan. Shi ya riƙe jakarsa, har yana tsokanar mai gadi. Su ma cewa suka yi ƙaramin aiki ne. Kwana arba'in na yi a kan kujerar roba ina kallon layin nan naka mai hawa da sauka a allon da ke saman kansa. Kai a takarda ka san shi, da ma'auninka da ƙyallinka. Ni ina zaune ina kallo ya miƙe, ina jira ya sake hawa, bai hau ba. Ni na rufe masa ido. Kai kuwa kana can kana ce mana saura mako ɗaya ka gama wani aiki, saura kwana uku, ka iso an riga an share makoki. Ban taɓa yi maka gorin wannan ba, yau na yi.

Shi ya sa da suka miƙo mini tawa takardar a wannan ginin, a wannan barandar, na ninke ta na sa a gwangwani na rufe.

Kada ka toshe komai da gilashi, ni ba yarinya ba ce da za a rufe wa ido. Sharaɗina yana nan yadda na faɗa.

Goggonka

11 ga Yuni

Goggo,

Sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi, ya kiyaye gaba.

Na sare shi.

Jiya da safe na fara, na gama bayan la'asar. Faifan injin yanka bakwai na cinye. Kowace sanda gida uku na yi mata, gindin kuma na raba shi takwas. Lissafin da ke cikin kwamfuta ma na goge, don kada wata rana zuciyata ta raya mini in sake. Shugabar ɗakin baje kolin ta zo tana tsaye tana kallo, ta ce kaina ɗaya kuwa, saura kwana goma a buɗe. Ta ce kada in ƙara tunkarar ƙofarta, kuma na san ba wasa take yi ba. Mai ɗauko mini ƙarfe ya kwashe guntayen ya kai wa masu narkarwa.

Ga hoto biyu. Ɗaya tarin guntayen ne, ɗaya kuma ɗakin ne babu komai sai ramukan ƙusa a ƙasa. Ki sa tabarau ki duba da kyau.

Gorin da kika yi mini gaskiya ne, ba ni da bakin musawa. Amma kada ki ɗauka na huce. Raina a ɓace yake, kuma ban san ranar da zan yafe miki wannan ba. Na cika nawa. Saura ke.

Dogo

19 ga Yuni

Dogo,

Ina gaishe ka. Goshi ya warke, tuntuni an cire zaren, yatsa ma ya fara lanƙwasuwa. Wannan wasiƙar Auta za ta ɗauki hotonta ta turo maka ta waya, don gidan waya ba zai kai ta a kan lokaci ba.

Kai wane irin mahaukaci ne? Wa ya ce ka sare? To, ni na ce, amma tun yaushe ka fara jin maganata? Shekara nawa ina ce maka ka yi aure, ka rage gemun nan, ka zo gida, ko ɗaya ba ka yi ba. Sai wannan, wanda na zaɓa musamman don na tabbata ba za ka iya ba.

E, abin da na yi ke nan, ka ji in faɗa maka. Na zauna na duba duk abin da ka mallaka a duniya, na ɗauko wanda na san ba za ka taɓa rabuwa da shi ba, na ce shi nake so. Na ce ka ga shi ke nan, shi ya riƙe ƙarfensa, ni in riƙe gwangwanina, in na mutu kuma laifin ya zama namu mu biyu. Yanzu ka bar ni ba inda zan ɓuya. Da na buɗe hoton ɗakin nan babu komai a ciki sai da na zauna a ƙasa, kuma ba jiri ba ne. Wata bakwai na aikin hannu, ɗan nan! Ni da ko ƙyallen da ya rage ba na iya zubarwa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma haushinka nake ji da ka sa ni jin ta.

Ban taɓa saɓa wa mai kaya ranar da na ba ta ba, ba kuma zan fara a kanka ba. Shekaranjiya Auta ta kai ni babban asibitin. Na bi ta barandar nan ina kallon ƙasa. Sun sake awo, likitan ya yi ta faɗa kamar shi ya haife ni, ya ce ranar Talata da ƙarfe tara na safe. Na gama duk ɗinkin da ke hannuna na aika wa masu shi, na sa wa keke mai na rufe shi da zane.

Tsoro nake ji, Dogo. Tun da nake ban taɓa rubuta wa kowa wannan ba. Auta kuka za ta yi ta yi, ba ta da amfani a irin wannan wuri. Ka hau duk abin da za ka hau ka zo kafin Talata. Ka tsaya a bakin ƙofar ɗakin da za su shiga da ni, kada ka je ko shan ruwa, don in na buɗe ido ina so in ga wanda zan yi wa faɗa.

Goggonka